Ƙafafun da Surukina Ya Ba Ni

Ba na jin akwai ranar da zan manta da yammacin da aka ba ni amarya in kai Dandume. Na ce aka ba ni, ban ce na kai ba, don ƙarasawar wani ne ya yi. Har yau in ina kwance a ƙarƙashin motar wani ina ɗaure noti abin ya faɗo mini, sai in ji sifana ta yi mini nauyi a hannu, in tsaya ina kallon ƙarfe har mai motar ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Ni bakanike ne a Funtua, kuma ba na inji ba. Aikina ƙasan mota ne: tayirod, boljoyin, bushin, shokozoba, duk wani abin da ke riƙe da ƙafar mota ya sa ta bi inda sitiyari ya nuna. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani mai kirki ya tausaya mini ya ce ai rashin sani ne. Wallahi ba rashin sani ba ne. Da rashin sani ne da na fi samun barci.

Surukina, Alhaji Sale, mutumin Ƙarfi ne, manomin masara kuma mai fataucin hatsi. Yana da a-kori-kura da yawa masu jigilar buhuna tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Matata Rabi ita ce 'yarsa ta fari, don haka kunyar da ke tsakanina da shi ninki biyu ce. Bai taɓa kiran sunana ba, Injiniya yake ce mini. Ni kuma ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na je gaisuwar Juma'a sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in kafa wa ƙasa ido, in bar shi ya yi tambaya ni in amsa. Shi ya ba ni Rabi lokacin da ban mallaki komai ba sai akwatin sifanu, danginsa suna ta gunaguni cewa an kai yarinya gidan baƙin mai. Tun daga lokacin ba ni da wani buri da ya wuce in ga ranar da zai yarda da hannuna, ya ce bai yi kuskure ba. Kuma ranar ta kusa zuwa, don Rabi ta jiyo daga bakin mahaifiyarta cewa tsohon bakaniken da ke duba masa motoci a Malumfashi idonsa ya yi rauni, Baba yana tunanin mayar da aikin duka garejina.

Ana cikin haka ne, wata Juma'a na gama gaisuwa zan tashi, ya ce, "Injiniya, akwai wasu ƙafafun mota can a sito. Ka sa a but ka tafi da su."

Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma." Ban tambayi daga ina suka fito ba, ban tambayi me zan yi da su ba. Wa ke yi wa surukinsa tambaya?

Ƙafafu huɗu ne, rim masu walƙiya, faɗinsu ya kusa ninka na motata, tayar kuma siririya a gefe kamar an shafa roba a jikin ƙarfe. Da na kai su gida Rabi ta dafa ƙirji ta ce, "Baba bai taɓa ba wani surukinsa ko hula ba. Kai ka ga abin da ya ba ka!" Washegari ta kira ƙannenta ɗaya bayan ɗaya ta sanar da su. Kafin azahar na kwance ƙafafun motata na asali, na jibge su a bayan ɗakin girki, na ɗaura na Baba. Motata 'yar Kwatano ce ƙarama, ta sha duniya, amma ranar sai ta tsaya kamar ta wani ɗan majalisa. Na yi ta zagaya ta ina murmushi ni kaɗai. (Wannan murmushin shi ne na ƙarshe da na yi a kan motar nan da zuciya ɗaya.)

Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san yadda kwalta take. Tireloli masu ɗauke da masara da waken suya suna bi a wuri ɗaya shekara da shekaru, rana ta narka kwaltar, sai ta lotsa ta yi kwari biyu dogaye, kamar an bi ta da garmar shanu. Da tsofaffin ƙafafuna ban taɓa damuwa da su ba. Ranar da na fara fita da sababbin kuwa, ina ƙara wuta na ji sitiyari ya fizge a hannuna. Motar ta zame ta faɗa kwarin nan ta miƙe a cikinsa. Na juya in fito da ita, ta ƙi. Na ƙara juyawa, ta ƙi. Can sai ta yi tsalle ta fito gaba ɗaya, ta nufi ɗaya hannun, sai da na yi salati da ƙarfi.

Na gangara gefe na tsaya, kuma tun kafin in fito daga motar na san ciwon. Taya mai faɗi gefenta ne ke fara taɓa gangaren kwarin, ta kama shi ta bi. Tayar asali tana da tsawon gefe, tana lanƙwasawa ta shanye rashin daidaiton hanya, wannan kuwa ba ta da naman da za ta lanƙwasa, duk abin da kwalta ta ce sai ya iso sitiyari. Ga shi rim ɗin sun turo waje, hanya ta samu dogon hannun da za ta murɗa ƙafar da shi. Na sha yi wa samarin Funtua wannan bayani, ina nuna su da sifana, ina ce musu kwalliya ba ta tuƙa mota. Maganin kuwa ko dogon tunani ba ya buƙata: a cire, a mayar da na asali.

Amma kyautar Baba ce.

Juma'ar da ta biyo baya na lallaɓa a hankali har Ƙarfi. Ya fito daga zaure, kafin ya dube ni sai da ya tsaya ya daɗe yana duban ƙafafun. Sannan ya ce, "Injiniya, ashe a taka ka sa su?"

Na ce, "E, Baba."

"To ya suke?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa, sai na ji kaina ina cewa, "Lafiya lau, Baba. Kamar don ita aka yi su."

"Ba ta yi maka komai a hanya?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ya girgiza kai a hankali ya ce, "Ikon Allah." Ni kuma na fassara wannan girgiza kan da cewa daɗi ya ji. Daga ranar ta zama al'ada. Duk Juma'a sai ya dubi ƙafafu, ya tambaya, in ce lafiya lau, ya ce ikon Allah.

Na fara da dabara. In na dawo daga Ƙarfi sai in cire na Baba in mayar da tsofaffin, motar ta koma tafiya sumul, in Alhamis ta zo da yamma in sake ɗaura nasa. Rabi tana kallona ina jak sama jak ƙasa, ta ce ni kam ban gaji da aiki a gareji ba sai na ƙaro a gida. Wannan dabarar ta mutu ranar da na hango motar Baba ta shawo kwanar garejinmu ba sanarwa, ya shigo gari sayen taki ya ce bari ya ga wurin aikina. Motata tana tsaye da tsofaffin ƙafafunta. Ban san lokacin da na yayibo tamfol na lulluɓe ta ba, har ina tuntuɓe da galan. Da ya tambayi ina motar, na ce wani aboki ya ara. Ya tsaya daidai gefen tamfol ɗin, har ya dafa shi da hannu yana yi mini nasiha a kan aron mota. Bayan tafiyarsa na ɗaura ƙafafunsa na ƙudurta ba zan sake cirewa ba, zuciyata ba za ta iya ɗaukar irin wannan sau biyu ba.

Sai na koma neman laifi a inda babu shi. Na ɗaga motar na girgiza ƙafa hagu da dama, tayirod lafiyarsa ƙalau, na canza shi duk da haka. Na girgiza sama da ƙasa, boljoyin ba ya motsi, shi ma na canza. Na fitar da bushin da ko tsagewa bai yi ba na sa sabo. Na rage iska, motar ta yi nauyi kamar ana jan ta da igiya amma ba ta daina bin kwari ba. Na ƙara iska, ta koma rawa. Na musanya ta dama da ta hagu, na kai na baya gaba. Duk abin da na taɓa sai ya nuna mini lafiyarsa lau, kamar suna haɗa baki su nuna mini rim ɗin da yatsa.

Maƙwabcina a gareji, Bitrus, mutumin Gozaki, shi ke da injin saita ƙafa. Tare muka koyi aiki, ba ya ɓoye mini magana. Na kai masa motar na ce ya ɗan karkato da bakin tayoyin gaba ciki, ko za ta riƙe hanya. Ya yi. Na dawo na ce ya ƙara. A zuwa na gaba ya ajiye sifanarsa ya zauna a kan benci.

Ya ce, "Maƙwabci, ni kake gwadawa ko kanka? Ka fi ni sanin abin da ke damun motar nan."

Na ce, "Kyautar Baban Rabi ce."

"To ka kai su falo ka jera, ka riƙa kallo kana godiya. Dole sai a kwalta?"

"Duk Juma'a sai ya duba."

"Ka gaya masa mana. Mutum ne fa, ba zaki ba."

Na ce masa ba zai gane ba. Ya ce shi ma yana da suruki, kuma surukinsa ya fi nawa faɗa, amma bai taɓa hawa mutuwa don ya faranta masa ba. Ya ƙara karkatarwar kamar yadda na nace, yana yi yana tsaki. Abin da hakan ya haifar shi ne tayoyin gaba suka fara cinyewa ta gefe ɗaya, taya mai cin gefe kuwa ta fi kowace son kwari. Wato na ɗauki ciwo na yi masa taki.

Abu ɗaya ya rage mini, tafiya a hankali. In ban wuce gudun mai babur da ya ɗauko buhu biyu ba, motar tana jin maganata. Sai na zama mutumin da kowa ke wucewa a hanyar Malumfashi. Abin takaici, har yabo na samu. Mahaifiyar Rabi ta riƙa ba da misali da ni, wai duk cikin surukai ba mai natsuwar Injiniya a tuƙi.

Da kaka ta yi aka sa bikin Kulu, autar su Rabi, za a kai ta Dandume. Ana saura 'yan kwanaki Rabi ta dawo daga Ƙarfi fuskarta fal farin ciki ta ce Baba da kansa ya ce motata ce za ta ɗauki amarya. Akwai motocin da suka fi tawa nesa ba kusa ba a dangin, amma ya ce tawa. Na zaunar da ita na gaya mata komai, har da tamfol.

Ta ce, "To ka cire su mana ranar."

"A ƙofar gidansa za a ɗauki amaryar. Yana tsaye."

"To ka faɗa masa."

"Ke ki faɗa masa, ai mahaifinki ne."

Ta zaro ido. "Ni? In je in ce wa Baba kyautarsa tana da aibi, bayan na gama yi wa su Kulu gori da ita? Kai ne namiji, Abban Sadiya."

Muka yi ta tura wa juna har muka gaji. A ƙarshe na ce ba komai, zan tafi a hankali kamar kullum, ai motar amarya ba a san ta da gudu ba. Da wannan na kwantar da hankalinta, nawa kuwa bai kwanta ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne mata. An ce za a tashi da azahar, don yanzu ba mai son magariba ta same shi a waccan hanyar, kai amarya ya koma na rana tsaka. Amma aka kai Kulu wurin wannan ta yi mata faɗa, aka kai ta wurin waccan, ta rungume mahaifiyarta aka rasa mai ɓamɓare ta, aka nemi wani akwati aka rasa. Har aka yi la'asar muna ƙofar gida. Da aka fito da ita lulluɓe tana kuka, aka sa ta a baya tsakanin ƙawarta da wata inna. Gwaggo Indo, yayar Baba, wadda duk gidan ke tsoron bakinta, ta shige gaba kusa da ni. Baba yana tsaye a bakin zaure. Ya dubi ƙafafun, ya dube ni, ya ce, "Injiniya, amana ce." Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Daga Ƙarfi zuwa Funtua na yi tafiyata ta kullum. Motoci da babura sun yi jerin gwano a bayana, ba mai wuce motar amarya, sai hon suke ta danna mini. Muna fita Funtua muka kama hanyar Dandume rana ta yi ja. Gwaggo Indo ta duba sama, ta duba ni.

Ta ce, "Kai ɗan nan, gawa ka ɗauko ne?"

Na ce, "Gwaggo, hanyar ce ba kyau."

"Hanyar da kowa ke bi? So kake dare ya yi mana a daji da 'yar mutane? An ce kai bakanike ne. Taka ta!"

Innar da ke baya ma ta sa baki. Wayar Gwaggo ta yi ƙara, dangin ango ne suna tambaya ko lafiya. Na dubi madubi na ga fitilu ana ta kunna mini ana kashewa. Na yi bisimilla na taka.

Nan take ta faɗa kwarin tirela ta miƙe. To da yake kwarin a miƙe yake, sai na bar ta a ciki, na riƙe sitiyari da hannu biyu ina addu'a. Tafiya ta yi tafiya. Gwaggo ta gyara zama ta ɓare goro ta ce, "Yauwa, ko kai fa. Ashe iskanci ne." Ni kaɗai na san ba ni ke tuƙin ba. Tirelolin da suka wuce shekarun baya su ke tuƙa mu.

Akwai wani fili a gefen hanyar inda manyan motoci ke sauka daga kwalta su yi lodin masara. Da yake kullum a nan suke ratsewa, sawunsu ma a nan ya lanƙwasa ya gangara dama. Na hango wurin tun daga nesa, na san abin da zai faru, na fara taka birki ina juya sitiyari hagu. Ta ƙi fita. Na san halinta, in na matsa za ta yi tsallen nan nata ta faɗa ɗaya hannun, ga wata tanka ta taho a can tana haska fitila. Tsakanin tanka da fili, na zaɓi fili.

Muka sauka daga kwalta da sauran gudunmu. Filin kuwa shimfiɗe yake da tamfol, an baza masarar da aka sussuka tana shan rana. Wanda bai taɓa taka birki a kan ƙwayar masara ba, ina roƙa masa Allah kada ya gwada. Motar ta daina jin birki, ta daina jin sitiyari, ta shiga juyawa a hankali, masara tana watsuwa ta ko'ina tana buga gilashi. Gwaggo tana salati, inna tana kiran sunan mahaifiyarta da ta rasu tun tuni. Muka yi juyi guda cikakke, sannan muka je muka soka hanci a cikin tulin totuwa muka tsaya.

Da a nan abin ya ƙare da na gode wa Allah. Amma na gaya muku ba mai wuce motar amarya, kuma inda ta bi nan ake bi. Motar da ke bayana ta ga na ratse, ta ratso. Ta bayanta ma haka. Ɗaya bayan ɗaya duk jerin gwanon nan ya sauko cikin shanyar mutane, da hon, da babura, suna murƙushe masara. Wata mota ta can baya da ba su ga abin da ya faru ba, matan ciki suka ɗauka an iso, wata ta leƙo ta taga ta rangaɗa guɗa.

Sai wuri ya yi tsit. 'Yan dako sun tsaya da buhuna a kafaɗa suna kallonmu. A cikin shirun nan na ji muryar Kulu daga ƙarƙashin mayafi, kukan ma ta daina, ta ce, "Yaya, mun iso?"

Na kashe inji na kifa kai a kan sitiyari.

Gwaggo Indo ta fito, ɗankwalinta a karkace, ta tsaya a tsakiyar masara ta nuna ni da yatsa ta ce wa jama'a, "Ku gan shi nan. Wannan shi ne bakaniken da Sale ke yi mana tutiya da shi." Wani direban tirela da ke jiran lodi ya matso, ashe mai kawo mini gyara ne. Ya leƙa fuskata ya ce, "A'a! Oga, kai ne?" Ya sunkuya ya dubi ƙafafun, ya ɗago. "Ba kai ka hana ƙanena sa irin waɗannan ba? Har ka ce masa kwalliya ba ta tuƙa mota?" Ya faɗe ta da ƙarfi, kuma lokacin wayoyi sun riga sun fito ana ɗauka.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, wannan kaɗai nake riƙewa. Aka fitar da amarya aka sa ta a motar wani abokin ango, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi da ake ɗaure but ɗinta da igiya. Na tsaya ina kallo ta hau kwalta ta miƙe ɗoɗar a kan siraran tayoyinta. Aka bar ni da mai masarar, wani dattijo da bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, tsintsiya kawai ya miƙo mini. Na naɗe babbar rigata ta biki na shiga shara. Ina shara ina jin hawaye na taruwa, na takaici tsantsa, don na san abin da na zubar a filin nan ya fi masara.

Washegari da safe na je bayan ɗakin girki. Kazar Rabi ta yi ƙwai a cikin ɗaya daga tsofaffin ƙafafun, sai da na kore ta tana bina da tsiwa. Na ɗaura su, na sa iska daidai yadda aka rubuta a jikin ƙofar motar, na kai wa Bitrus ya mayar da saitin inda yake tun asali. Duka aikin bai kai a sha shayi a tashi ba. Na hau hanya na taka ta da gangan a cikin kwarin, na fito, na koma, da yatsa biyu. Ko gezau.

Na zuba ƙafafun Baba a but na nufi Ƙarfi. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa, na faɗa masa gaskiya tun daga ranar farko, kaina a ƙasa. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ƙafafun nan da su motata ta zo. Sun kusa jefa ni ƙarƙashin tirela a hanyar Bakori, shi ya sa na sa aka cire. Na ba ka ne don na ga sana'arka ce, ko ka sayar, ko ka san irin motar da za su yi wa daidai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ranar da na gan su a motarka gabana ya faɗi. Na so in yi magana, sai na ga ina ni ina koya wa bakanike aikinsa, kuma mijin Rabi. Na ji nauyi. Shi ya sa nake tambayarka. Kai kuma kullum ka ce lafiya lau. Sai na ce a raina lallai yaron nan ya gano maganin abin da ya gagari na Malumfashi. Don haka na ba ka Kulu. Don haka kuma na yi niyyar ba ka motocina."

Ya ɗauki carbinsa yana ja. Ni dai ina kallon tabarma.

"Da ranar farko ka ce mini, Baba, ƙafafun nan ba su da kyau, da a ranar na miƙa maka makullai. Yanzu ka gaya mini, in birkin motata ya lalace, direbana yana ciki da mutane a baya, kai kuma kana jin kunyata, wa zai faɗa mini?"

Ya ce in tashi in je, Allah ya kiyaye gaba, in gaida yara.

Motocin Baba suna Malumfashi, wani ya gaji aikin. Hoton motata a tsakiyar masara ya zaga wayoyin Funtua, ya dawo, ya sake zagawa, har wasu masu kawo mini gyara suka koma wurin wasu. Kulu ta haihu, kuma duk lokacin da muka haɗu a gidan suna sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, mun iso?" mata su kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Rim ɗin kuwa ba wanda ya saya, duk garin an san tarihinsu. Rabi ta kai wa maƙeri ɗaya ya yi mata murhu da shi, kuma in faɗi gaskiya yana riƙe tukunya da kyau, ba ya bin kwarin kowa.

Abin da na koya shi ne kunya tana da wurinta. Ka ƙi cin abinci a gaban surukinka, ka ƙi haɗa ido da shi, ka kwana da yunwa in ka ga dama. Amma in ya tambaye ka lafiyar mota, ka faɗa masa ciwonta ko da muryarka na rawa. Yanzu duk wanda ya shigo garejina, ko rawaninsa ya kai ina, sai na gaya masa laifin motarsa tun kafin ya kashe inji, har wasu na cewa na cika baƙar magana.

Ina zuwa gaisuwar Juma'a har yanzu. Baba yana amsawa da sakin fuska, yana tambayar Rabi da yara, ba ya ko kallon inda na ajiye mota. Sai dai tun daga ranar nan bai sake ce mini Injiniya ba. Malam yake ce mini.